Kawuna Ne Ya Taɓa, Sunana Ne Ya Fito

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, domin ni dai tawa dabarar ta ƙare. Sau huɗu ina fara rubuto miki ina gogewa. Ki rufa mini asiri, kada ki sa sunana ko na wurin aikina, ko da yake duk wanda ya san gidanmu yana karantawa zai gane.

Shekarata talatin da shida, ina da aure da yara uku. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin gwajin jini mai rassa goma sha ɗaya. Har yau in aka tambayi maigidana aikina, cewa yake ina gyaran kwamfuta. Ban taɓa kwance ko ƙusa ɗaya ba. Abin da nake yi shi ne kula da wani rumbun bayanai, inda aka rubuta duk wata na'ura da manhajar da kamfanin ke aiki da ita, daga manyan kwamfutocin da muke ce wa saba har zuwa firintar da ke kan teburin mai karɓar baƙi. Kowane abu an sa shi a ƙarƙashin nau'insa, kuma nau'o'in nan su ne a hannuna. Nau'i shi ke faɗin me za a rubuta game da abu, wa ke kula da shi, me ya dogara da shi, da irin gudun da za a yi in ya lalace. In firinta ta tsaya ranar Juma'a, ƙorafin zai iya kwanciya a layi har Litinin, babu wanda zai mutu. In saba ta tsaya, nan take wayar ma'aikacin da ke jiran ko-ta-kwana za ta hau ƙara. Ba mutum ne yake zama ya yanke wannan hukunci a lokacin ba, nau'in da aka sa abin a ciki ne yake yankewa. Na tsaya yi miki wannan bayani ne don a nan matsalata take.

Wanda ya gina rumbun nan kawuna ne, yayan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifina ya rasu ina aji uku a firamare, a gidan Kawu na tashi, a tabarma ɗaya da 'ya'yansa, bai taɓa bari na ji bambanci ba. Shekara goma sha bakwai ke nan da ya kwashe kayan kamfanin daga wani littafi mai bangon kwali ya zuba su cikin kwamfuta, lokacin rassa biyu ne kacal. A ofis Tsohon Hannu ake ce masa, har masu kamfanin. Shi ya kawo ni aikin, ya ajiye mini kujera a gefensa, na yi shekara biyu ina kallon hannunsa kafin ya bar ni na ƙirƙiri nau'i ko ɗaya. Yakan ce kada in sa wa abu suna sai na je na gan shi da idona, na kuma san wanda zai yi kuka in ya lalace. Akwai ranar da ya sa na hau mota na tafi reshe mai nisa don kawai in ga wani ɗan akwati da ke maƙale a bayan kanta. Na yi ta ƙunƙuni a hanya, amma na koya.

Kamar shekara ɗaya da rabi da suka wuce na fara ganin abin da ban gane ba. Muna da nau'in da ake kira Firinta. Sai wata safiya na tarar da Firintoci a ƙasansa. Bayan mako biyu ga Na'urar Bugawa, ga Firinta Sabuwa, kowanne da firinta uku ko huɗu a ciki, an raba su kamar gado. Nau'o'inmu sittin da 'yan kai ne, kafin in ankara sun doshi ɗari da casa'in. Wani abokin aikinmu da muke ce wa Dogo har yana tsokana wai in sa musu ido, sun fi zomaye haihuwa. Aka yi ta dariya, har da Kawu. Ni kaɗai na buɗe tarihin canje-canje na ga sunan wanda ke yi. Kawu ne. Yana zuwa zai rubuta sabuwar na'ura, sai ya manta akwai nau'inta, sai ya ƙirƙiri wani.

Ban faɗa wa kowa ba. Na koma zuwa ofis da rabin awa kafin kowa, mai shara tana goge ƙasa ni ina goge bayan Kawu, in haɗe abin da ya raba, in mayar da kowane kaya mazauninsa. Sauran alamomin ma ina gani ina kau da kai. Yakan kira ni da sunan mahaifiyata. Ya tambaye ni sau uku a wuni ɗaya me ya sa wani reshe bai aiko da rahoto ba, alhali shekara huɗu da rufe reshen, kuma shi da kansa ya je kwaso kayan. Wata rana na tarar da kofin shayinsa cike a cikin aljihun tebur, a kan takardu. Amma Gwaggo, akwai kuma ranakun da garau yake, ya zauna ya warware matsalar da ta gagari samarin sashen gaba ɗaya, su tsaya suna kallonsa baki buɗe. A irin ranakun sai in ce wa kaina gajiya ce kawai, ni ce mai mugun zato.

Ana haka aka kawo mana sabon shugaban sashe. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son tsari, kuma gaskiya yake da ita. Ya ga yawan nau'o'in ya riƙe baki. Ya ce daga ranar mutum ɗaya ne zai riƙe izinin ƙirƙira ko gogewa ko sauya wa kaya nau'i, ya kuma zaɓe ni, saboda ya ga ni ce mai yawan gyara. Sanarwa ya tura wa kowa a rubuce. Ko Kawu bai karanta ba ne, ko ya karanta ya manta, ban sani ba. Washegari ina zaune ina hangensa ya danna zai yi aiki, allon ya ce ba shi da izini. Ya sake, ya ƙi. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya sake. Sai ya ɗago a hankali ya dubi hagu da dama ko wani na kallonsa, ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu yana buɗawa. Ya ɗauka kalmar sirrinsa ya manta. Mutumin da ya gina abin da hannunsa, ga shi a bakin ƙofa kamar baƙo. Ban iya jurewa ba. Na yagi takarda na rubuta sunana na shiga da kalmar sirrina, na je na tura masa ƙarƙashin madannan kwamfutarsa, na ce rumbun ne ke wasa da hankalin mutane yau, ya riƙa amfani da nawa kafin a gyara. Ya yi ajiyar zuciya, ya sa mini albarka. Wata biyar ke nan. Na san laifi ne, a takardar ɗaukar aiki ma na sa hannu ba zan yi ba.

Yanzu ga abin da ya faru. A kowane reshe akwai firjin da ake ajiye jinin mutane kafin a gwada. A jikin kowane firji akwai wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, tana auna sanyi tana aikowa. Kawu ne ya yi musu nau'insu tun da daɗewa, ya sa masa suna Mai Gadin Firji, ya ba shi gaggawa mafi girma. Wata Laraba da rana aka kira ni daga makaranta, autana zazzaɓi ya rufe shi. Ban nemi izini a rubuce ba, Kawu kawai na raɗa wa na fita da gudu. Alhamis ban zo ba. A ranar Larabar nan, ƙarfe uku da minti ashirin, aka kwashe na'urorin nan goma sha ɗaya aka zuba su cikin nau'in Ƙananan Kaya, inda muke sa linzamin kwamfuta da wayoyin caji, aka goge Mai Gadin Firji tunda ya zama fanko. Ina jin a ran Kawu gyara yake yi, ya ji ana cewa nau'o'i sun yi yawa, ya ga abu ƙarami ya kai shi wurin ƙanana. Da na dawo ranar Juma'a na yi sharata kamar kullum. Amma ni abin da ya ƙaru nake nema, ban taɓa tunanin in duba abin da ya ragu ba.

Yammacin Juma'ar firjin babban reshenmu ya mutu. 'Yar na'urar ta yi aikinta, ta aiko da kuka, amma kukan ya tafi layin linzami da wayar caji ya kwanta. Sai Litinin da safe aka buɗe firjin. Jinin mutum ɗari da sittin da biyu ya lalace. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba. Amma ƙawata da ke ɗibar jini a reshen ta ba ni labarin wani tsoho da 'yarsa ta kawo daga nesa, jijiyarsa ba ta samuwa, sai da aka soke shi sau huɗu a karon farko, ga shi an ce ya dawo. Da wata mata da aka ɗaga mata ranar tiyata saboda babu sakamako. Tana ba ni labari tana tsine wa wanda ya jawo, ni ina riƙe da waya ina cewa Allah ya kyauta.

Shugaban sashe ya buɗe tarihin canje-canje ya ga sunana. Bai yi mini tsawa ba, ya ce kawai in rubuto rahoton yadda aka yi, ya ba ni zuwa Litinin ta sama, daga nan masu kamfani su yanke hukunci. Ni na duba abin da shi bai duba ba tukuna, wato daga wace kwamfuta aka shiga. Ta teburin Kawu ce.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne Kawu bai san shi ya yi ba. Wallahi bai sani ba. Da ya ji labari, sai ya tashi ya je ofishin shugaba ya roƙa mini afuwa, ya ce yarinya ce mai ƙoƙari, ɗanta ba shi da lafiya a makon, a duba shekarun da shi ya yi yana bauta wa kamfanin a yafe mini. Dogo ne ya jiyo ya faɗa mini. Da ya fito ya tsayar da ni a baranda kusa da tulun ruwan sha, ya dafa kafaɗata, ya ce kowa na kuskure, shi ma yana saurayi ya taɓa kashe saba ana tsakiyar aiki. Amma ya ce in daure in amsa laifina a rahoton ba tare da kwana-kwana ba, don bai rene ni da ƙarya ba. Na ce to, Kawu. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Na gwada yi wa mahaifiyata hannunka-mai-sanda game da mantuwar Kawu. Ban gama ba ta tare ni, ta ce yayanta lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya yi masa yawa, kada in kuskura in zama ni ce zan fara sa masa wannan suna a dangi. Ta ce mutumin da ya ɗauke ni ina marainiya, ko dutse ya ɗora mini ai na ɗauka, saura wata takwas ya yi ritaya, in bar shi ya fita da mutuncinsa. Maigidana shi kaɗai na faɗa wa komai, shi kuma ya ce in aka kore ni a kan abin da ban yi ba, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan Kawu ba. Kwana biyar ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Matar Kawu ban ce mata komai ba, ko da yake kwanan nan ta ɗauki wata ɗabi'a, kullum lokacin tashi sai ta kira ni ta ce ko ya fito, ta wace hanya na ga ya bi.

Na mayar da Mai Gadin Firji yadda yake, na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Amma ki ji abin kunya, har yanzu ban canja kalmar sirrin ba. Takardar tana nan ƙarƙashin madannansa. Duk lokacin da na ɗaga hannu zan canja sai in tuna shi yana goge tabarau. Don haka ina zaune ina gadin rumbu, ko abinci ba na fita ci, in ya miƙa hannu gabana ya faɗi. In na yi shiru na ɗauki laifin, watakila a kore ni, kuma in na tafi wa zai riƙa share bayansa? In na faɗi gaskiya, na tona asirin mutumin da ya zame mini uba, a gaban yaran da ya koya wa aiki, kuma ni ma ban tsira ba tunda ni na ba shi mabuɗin. Ta yaya ma zan dubi idonsa in ce Kawu, kai ne? Na buɗe shafin rahoton, kwanan wata kawai na iya rubutawa. Gwaggo, ina zan sa kaina?

Taki,
Wadda ta rasa tudun dafawa

*

'Yata,

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ajiye jaridar ki je ki canja kalmar sirrin. Ki ɗauke takardar daga teburinsa. Wannan ba ya buƙatar shawarar uwa ko ta miji, domin ba maganar gidanku ba ce, maganar jinin mutanen da ba su san ki ba ce, ba su san kawunki ba, sun miƙa hannu ne bisa amana. Allah ya rufa asiri a karon farko, kada ki jarraba na biyu. In ya zo shiga ya ƙi, ki je da kanki ki ce masa shugaba ya mayar da izinin hannun mutum ɗaya, duk abin da yake so a sauya ya faɗa miki. Wannan gaskiya ce, kuma da ita ya kamata ki fara tun wata biyar da suka wuce.

Ban ga muguwar 'ya a wasiƙarki ba. Na ga wadda tausayi ya ja ta ta yi kuskure, ta kuma yi shekara ɗaya da rabi tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Sharar nan da kike yi kowace safiya ba ta kare kawunki ba, ta dai hana a gane yana buƙatar likita. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Mahaifiyarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce mutumin nan ya cancanci ya fita da mutunci. Ya cancanta, kuma tsoron da take ji na ganin yayanta yana raguwa a gaban idonta, tsoro ne na gaske, kada ki riƙe ta da shi. Maigidanki ma yana da gaskiya da ya ƙi yarda a ɓata sunan matarsa. Inda duk su biyun suka kauce shi ne sun ɗauka ɗayanku ne dole ya faɗi, ko ke ko Kawu. Ni kuwa ina ganin shirunki ne zai kayar da ku duka. Ban san harkar kwamfuta ba, don haka na tambayi mai kula da kwamfutocinmu a nan ofis, ba tare da na nuna masa wasiƙarki ba. Ya ce duk shugaban da ya san aikinsa, ba zai rufe irin wannan bincike ba sai ya duba daga wace na'ura aka shiga. Kin ce naku mai son tsari ne. To ki ɗauka zai duba. In shi ya gano da kansa bayan kin rubuta cewa ke ce, kin zama mai ƙarya a rubuce, kawunki kuma ya zama wanda ya bar 'yarsa ta ɗauki laifinsa har ya je yana roƙa mata afuwa. Wa zai yarda a lokacin cewa bai sani ba? Wannan shi ne zubar da mutuncin da ba ya kwasuwa.

Ki fara da matar kawunki, yau ko gobe. Matar da ke kira kullum tana tambayar ta wace hanya mijinta ya bi, ta riga ta ga abin da kika gani, watakila fiye. Ina kyautata zaton ya taɓa ɓacewa a hanyar gida, ita ma tana can tana share bayansa ita kaɗai, tana tsoron kada ku sani. Ki je ki same ta a ɗaki, ki faɗa mata komai. Ku biyu ku sa a kai shi asibiti cikin makon nan. Kuma kada ku yanke masa ciwo da kanku. Mantuwa a shekarunsa tana da dalilai da yawa, wasu daga sukari ne ko hawan jini ko maganin da yake sha, wasu ana magance su, wasu ana rage musu gudu in an zo da wuri. Likita ne zai faɗa, ba ni ba, ba ke ba, ba kuma mahaifiyarki ba.

Shi kansa dole ya ji daga bakinki kafin ya ji daga bakin shugaba. A gida, ba a ofis ba, da matarsa a zaune, a irin lokacin da kika san ya fi zama garau. Kada ki shiga da kalmar laifi. Ki nuna masa abin da tarihin ya nuna, ranar da lokacin da teburin, ki bar shi ya karanta. Ma'aikaci ne, ya san abin da yake gani. Ki fara da naki kuskuren, cewa ke kika ba shi mabuɗin kika kuma ɓoye masa dalili. Mutumin da ya ce miki bai rene ki da ƙarya ba ya riga ya ba ki amsar tambayarki, bai dai san a kansa za ta sauka ba.

Sannan ki nemi ganin shugabanku ido da ido kafin Litinin, kada takarda ta riga ki. Ki faɗi naki ba ragi: kin ba da kalmar sirri, kin fita ba izini, kin daɗe kina ganin alamu kika yi shiru. Ba zan yaudare ki ba, za a iya ba ki takardar gargaɗi, za a iya karɓe izinin na wani lokaci, ba ni da tabbacin ba za a yi fiye da haka ba. Amma wanda ya kawo kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. Ki roƙe shi batun lafiyar kawunki ya tsaya tsakaninsa da masu kamfani, kada ya zama hirar baranda. Kuma kada ki je hannu rabbana, ki je da gyara. A daina barin goge nau'i ko kwashe kaya daga wannan zuwa wancan a hannun mutum ɗaya, ko da ke ce, sai wani ya duba ya amince. Nau'o'in da rai ya rataya a kansu a ware su a kulle, a riƙa ƙirga su kowace safiya. Abin da ya faru ya nuna rumbunku yana da ƙofar da hannu ɗaya zai iya turawa, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Watanni takwas ɗin da suka rage masa kuwa, ki nema masa aikin da babu mai iya yi sai shi. A bar masa izinin dubawa ba na taɓawa ba, a zaunar da shi da ku yana faɗin dalilin kowane nau'i, me ya sa aka yi shi, me ya taɓa faruwa, kuna rubutawa. Abin da ke kansa na shekara goma sha bakwai bai kamata ya tafi da shi ba, kuma yanzu ne lokacin karɓarsa. In shugabanku yana da hankalin da kika ce, zai ga ribar kamfani ce.

Mahaifiyarki za ta yi fushi, ki ƙyale matar yayanta da takardar likita su yi mata bayani, ke ki ci gaba da gaishe ta. Maigidanki ki ce masa na ce ya sauko, ba da gangan aka cuci matarsa ba, kuma ranar asibiti ana buƙatar namiji mai tuƙi.

Abu na ƙarshe. Kawunki zai iya yin fushi, zai iya yin kuka, ki bar shi. Zai kuma iya mantawa kun yi maganar gaba ɗaya, bayan kwana uku ya sake tare ki ya ce kada ki damu, kowa na kuskure, shi ya yafe miki. In hakan ta faru, kada ki sake buɗe masa tarihi. Gaskiya ta riga ta isa inda ake buƙatarta. Ki ce na gode, Kawu, ki raka shi har mota.

Allah ya ba shi lafiya, ya raya miki yaranki, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ki fita daga ofishin nan ranar Litinin da sauƙin kai.

Gwaggonku